Tudun Ranar Juma'a

A shekarun da mai acaɓa ke sauke mu idan an iso shingen sojoji, ya tura babur da hannu mu bi shi a ƙafa, ina aiki a wata cibiyar koyar da kwamfuta a unguwar Pantami. Ta wani bawan Allah ce mai zaman kansa, bene hawa ɗaya, sama ajin ɗalibai, ƙasa kuma zauren da jama'a ke zuwa su cika takardun jarrabawa da na neman aiki ta intanet. A bayan matakala akwai wani ɗan ɗaki mai sanyi inda saba take, wato babbar kwamfutar da duk abin da zai shiga ginin ko ya fita ta intanet sai ya ratsa ta cikinta. Mu biyu ke riƙe da makullin ɗakin, ni da Hamma.

Hamma ba ɗan'uwana ba ne na jini, ko da yake haka muke kiran yaya namiji da Fulatanci. Mahaifinsa da nawa tare suka yi kiwo kafin su rabu da shanu su zauna a gari, gidajenmu kuma a unguwar Malam Inna katanga ɗaya ce ta raba su. Shi ya fara ɗora hannuna a kan kwamfuta, shi ya koya mini haɗa kan waya, shi kuma ya je ya roƙi Inna, mahaifiyata, ta bar ni in yi aiki bayan rasuwar Baba. A cibiyar kowa Injiniya yake ce masa. Ranar da na fara aiki na so in bi sahu, na ce, "Ina kwana, Injiniya." Ya juyo ya harare ni ya ce, "Ke, don kin samu difiloma shi ne na tashi daga Hamma? Kada in sake ji." Na ji daɗin wannan faɗan har cikin raina, kuma daga ranar na koma kiransa Hamma kamar dā.

Lokacin kowa a tsorace yake, kuma ba ƙarar bam kaɗai ake tsoro ba. Tsoron bakin mutane ya fi yawa. Mutum zai kwana lafiya, ya wayi gari wani ya ambaci sunansa a inda bai kamata ba, daga nan sai iyalinsa su shiga yawon tambayar inda aka kai shi. Mutanen dajin da ke tayar da bama-baman ma ba ma kiran sunansu, "yaran nan" muke cewa, mu rage murya ko da a ƙuryar ɗaki muke. Da yake sukan saki bidiyo a intanet, jami'an tsaro suka zagaya wuraren da ke da layin intanet irin namu suka ce kowa ya sa ido a kan abin da ke fita daga wurinsa. Daraktanmu mutumin kirki ne, amma ko inuwarsa tsoronta yake ji. Ya ɗora wa Hamma aikin. Hamma ya haɗa wani zane a allon saba, koren layi da ke hawa idan data na fita da yawa, ya sauka idan an yi shiru. Duk mako sai ya buga zanen a takarda ya sa hannu, Darakta ya kai inda ake kaiwa.

Ruwan farko na daminar ya zo da tsawa, ta bi waya ta ƙona katin netwok na saba, wanda ke haɗa ta da intanet. Hamma ya samo wani katin a kasuwa, ba irin na da ba, ya nemo masa direba a intanet ya saka. Ga wanda bai sani ba, direba a aikinmu ba mutum ba ne. 'Yar manhaja ce da ke tsakanin kati da kwamfuta kamar tafinta. Ita ke gaya wa kwamfuta yawan abin da katin ya aika da abin da ya karɓa, kuma daga lissafinta ake zana koren layin nan. Intanet ya dawo, ɗalibai suka yi murna, babu wanda ya sake tuna maganar kati.

Ranar Juma'a ni ke tsaron cibiyar. Maza sukan watse da wuri saboda layin bincike a ƙofar masallaci, 'yan matan aji su tafi gida, abokan aikinmu Kirista su yi amfani da damar su leƙa kasuwa. Ni kuma in kulle ƙofar gaba ta ciki, in yi azahar, in baje ɗanwakena a kan tebur in ci babu mai cewa in duba masa firinta. Ina son wannan lokacin ƙwarai. Shi kaɗai ne nawa a duk mako.

Wata Litinin Darakta ya kira ni ofis. Na tarar da Hamma a zaune, kansa a ƙasa, ga takardun zanen a baje. Darakta ya ɗora yatsa a kan wani wuri ya ce, "'Yata, zo ki duba mini nan." Na duba. Duk safiyar Juma'a layin a ƙasa yake, yana ɗan motsi kaɗan. Daidai lokacin sallar Juma'a sai ya miƙe tsaye ya yi wani tudu mai tsini, sannan ya faɗo. Ya janyo takardar Juma'ar da ta gabata, tudun na nan. Ya janyo ta bayanta, yana nan.

"Wa yake cikin ginin nan a wannan lokacin?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Me kike aikawa?"

Na ce ba na aika komai, ɗanwake nake ci. Na faɗi haka ne da wasa a bakina, don ban gane inda maganar ta dosa ba tukuna. Babu wanda ya yi dariya. Darakta ya cire tabarau ya goge, ya ce abu mai nauyi haka da ke fita a dunƙule, mutanen can sun ce bidiyo ne kawai ke yin haka. Sannan ya tambaye ni, cikin ladabi sosai, ko gaskiya ne akwai wata baƙuwa a gidanmu da ta zo daga gabas.

Baƙuwar Goggo ce, ƙanwar Baba. Aure ya kai ta wani gari a ƙasar Borno tun ban san kaina ba, ta zauna can har bakinta ya juye, Barbarci ya fi mata Fulatanci sauƙi. Da aka ƙone garinsu ta iso mana da zani biyu da butar alwala, mijinta ya rasu a hanya, 'ya'yanta maza kuma ba ta san inda suka faɗa ba. A ɗakina take kwana. Kullum wayarta na ɗaure a bakin zani, duk lambar da ta kira ta sai ta ɗaga da rawar jiki ta yi ta magana da Barbarci, ko Allah zai sa ɗaya daga cikin yaran ne. Wannan wayar tata ashe har Pantami an san da ita.

Na fito daga ofis na koma bakin aikina. Kafin la'asar na lura mai shara ta daina yi mini hira, malaman aji kuma da na shigo sai kowa ya tuna yana da aiki. Na ji da kunnena wata tana cewa ruwa ba ya tsami banza. Ina da zuciya, ban taɓa ɓoyewa ba, kuma ranar na so in juya in wanke ta tas. Hamma ya riƙe ni da ido, ya ja ni gefe ya ce, "Ki yi haƙuri, ki yi cooling down. Na roƙi Oga kada ya kai takardun nan tukuna. Ki nemo mini abin da ke faruwa, ni kuma in tsaya miki." Na ce to, Hamma.

Na fara da abin da kowa zai fara da shi. Na zaci ƙwayar cuta ce ta shiga wata kwamfuta tana aika abu a ɓoye, na bi su ɗaya bayan ɗaya na wanke, ban samu komai ba. Na zaci wani maƙwabci ne ya saci layinmu ta iska, na canza kalmar sirri, na hau rufi na duba dish, farantin da ke kamo mana intanet, da wayoyinsa, gyalena na neman tashi sama, masu shago a ƙasa na kallona kamar sun ga aljana. Babu wayar da ba tamu ba. Na duba agogon saba ko ya karkace, daidai yake da na hannuna. Kowace ƙofa na ƙwanƙwasa sai in tarar babu kowa a ciki, ga kwanaki na tafiya, ga Juma'a na matsowa.

Abin da ya buɗe mini ido ƙaramin abu ne. Lokacin rajistar jarrabawa ne, zauren ƙasa cike da ɗalibai, kowa na ɗora hotonsa da takardunsa. Na shiga ɗakin saba don in sha sanyi kawai, na zauna a ƙasa na jingina da bango. Daga inda nake ina ganin bayan saba, fitilar katin na ƙyafta ido ba ƙaƙƙautawa, alamar kaya na wucewa da yawa. Na ɗaga kai na kalli allo, koren layin na kwance abinsa kamar babu kowa a ginin. Na tashi na buɗe lambobin da direba ke bayarwa, na zuba musu ido. Fitila na ta gudu, lambobi na tsaye, sai jefi-jefi su ɗan motsa. Ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi, kuma fitila ba ta iya ƙarya ba.

Na jira aka tashi, kafin a kashe janareta na yi gwaji ni kaɗai. Na sa kwamfutoci da dama su yi ta aika manyan fayiloli ba tsayawa. Layi bai hau ba. Na tsayar da su gaba ɗaya na naɗe hannu. Ban gama gyara zama ba sai ga lambobi sun yi tsalle, koren layi ya miƙe ya yi tudu, tsininsa da faɗinsa irin na takardar Darakta sak. Na sake, ya sake. Na yi ta maimaitawa kamar wadda ta samu sabon wasa, ina dariya hawaye na zuba.

Da na bi bayanin direban a hankali sai na gane halinsa. An rubuta shi ne ya riƙa ba aikin aikawa muhimmanci, lissafi kuma sai ya samu sarari. Muddin layi na cike, sai ya yi ta tara lissafin a cikinsa yana ɗiga kaɗan. Da zarar an yi shiru sosai sai ya juye duka a lokaci guda, kwamfuta kuma ta rubuta shi a matsayin abin da ya fita yanzu. A sauran ranaku layinmu ba ya shiru, don azahar ma kashi-kashi ake zuwa, da yamma kuma ana kashe janareta saba ke mutuwa da lissafin a cikinta. Ranar Juma'a ce kaɗai ginin ke yin tsit alhali wuta na kunne. Tudun nan ba komai ba ne illa hotunan ɗaliban safe, sun iso a makare, suka tarar da ni zaune da kwanon ɗanwake. Na kuma samu wani sabon direba da masu katin suka fitar, wanda aka gyara wannan matsalar a cikinsa, na sauke shi a filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta.

Da na koma gida ban iya riƙe murna ba, na faɗa wa Goggo direba ne ya jawo mini duk wannan. Ta ajiye tsintsiya ta ce, "Wane direba? Ɗan gidan wa ne? Kai ni wurin uwarsa." Na yi dariya har na riƙe ciki, na zauna na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ta saurara, ta gyaɗa kai ta ce, "Na gane shi. Irin mutanen nan ne masu kawo labarin rasuwa bayan an share makoki." Ni da na yi karatun ban iya faɗar abin a taƙaice haka ba.

Washegari na ja Hamma ɗakin saba tun kafin ɗalibai su cika. Na yi masa gwajin a gabansa. Ya ga tudu ya tashi, ya ce in sake, na sake. Ya zauna a kan kujera ya zuba wa allon ido. Na ɗauka mamaki ne, ko jin daɗi. Yanzu da nake tuna fuskarsa na san ba ko ɗaya ba ne.

"Kenan duk takardun da na sa wa hannu tun da aka canza kati ba daidai ba ne," in ji shi.

"Ba laifinka ba ne, Hamma, direba ne. Mu je mu nuna wa Oga."

"A'a. Bakin wanda ake zargi ba ya wanke shi. Zai ce ke kika shirya gwajin."

Maganarsa ta shige ni, don haka na kawo shawarar da har gobe idan na tuna ta sai in ji kamar in ciji yatsa. Na ce to a bar komai yadda yake, kada a taɓa tsohon direba. Ranar Juma'a ni in zauna a gida, Darakta ya kulle ginin da hannunsa ya tafi masallaci da makullin a aljihu. Tudu zai fito a ginin da babu kowa, kowa ya gani da idonsa, sai mu saka sabon direba mu huta. Hamma ya ce wallahi dabara ta yi. Ya miƙo hannu ya ce in kawo filash ɗin ya ajiye, kada ya ɓata a jakata. Na ba shi, har da makullina na ɗakin saba, don kada wani ya ce na shiga na taɓa wani abu.

Juma'ar nan na yi ta a gida cikin nishaɗi. Na yi wa Goggo kitso, na dafa mana dambu, da na ji liman ya tayar da salla a lasifika na ce a raina, yanzu direbana yana can yana juye kayansa. Har tausayin Darakta na ji, ina tunanin yadda zai rasa inda zai sa fuskarsa.

Ranar Litinin na shiga ofis da sallamata a sake. Darakta bai amsa da fara'a ba. Ya turo mini takarda ya ce, "Ga Juma'ar da ba kya nan." Lokacin salla layin a kwance yake shimfiɗe, babu tudu, babu ko ɗan ƙullutu.

Na janyo takardar na sake bin wurin da yatsa. Amma ido ya riga ya saba da aiki, sai ya zame da kansa zuwa ɓangaren safiya. A can na ga abin da ban taɓa gani ba tun da aka canza kati. Layin safe ya hau ya yi tuddai manya-manya, yana hawa yana sauka daidai yadda ɗalibai ke cika zaure suna raguwa. Zanen ya zama na gaskiya. Tsohon direba ba zai taɓa zana wannan safiyar ba ko za a shekara ana roƙonsa. An saka sabon, kuma mutum ɗaya ne a duniya yake da filash ɗin da makullin.

Na juya na kalli Hamma. Yana tsaye a jikin taga yana kallon titi.

"Hamma, ka saka sabon direban."

"Wane direba?"

Tambayar da Goggo ta yi mini kenan na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce wanda na ba ka a filash, bayan mun yi gwaji tare, ka ce in sake na sake. Ya ɗaga kafaɗa ya ce wa Darakta shi dai bai taɓa komai ba, kuma bai san maganar da nake yi ba. Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Na juya ga Darakta na ce ya dubi safiyar, ya haɗa ta da safiyar sauran takardun, ya ba ni makulli in nuna masa yanzu-yanzu. Ina magana ina jin muryata na hawa, ina kuma ganin yadda kowace kalma ke ƙara nutsar da ni. Mutumin da bai san bambancin kati da direba ba, ga injiniyansa natsattse a gefe, ga yarinya na ihu tana zargin manhaja. Darakta ya ce safiya ba ita aka tambaye shi ba. Abin da ya sani shi ne ina nan tudu na nan, ba na nan tudu ba ya nan. Ya ce saboda darajar mahaifina ba zai ce komai da bakinsa ba, amma takardu dole ya kai, ni kuma in huta a gida.

Ni na gano ciwon, ni na nemo maganin, ni na tsara gwajin, na kuma miƙa wuƙar da hannuna. Da Hamma ya bar abin kawai bai taimake ni ba, da tudu ya fito ya wanke ni. Sai da ya tashi ya yi aiki, ya shiga ɗakin nan ya zauna ya saka gyaran da na kawo, don gaskiyar zanen ta zama shaidar ƙarya a kaina. Wannan ne abin da na kasa haɗiyewa, kuma har yau bai wuce ba.

Ba a jima ba wasu mutum biyu cikin fararen kaya suka yi sallama a gidanmu da hantsi. Ba su yi mana tsawa ba, ba su taɓa kowa ba. Sun zauna a zaure suka yi mini tambayoyi, suka karɓi wayata suka duba, sannan suka ce a kira musu baƙuwar. Goggo ta fito, ta kwance wayarta daga bakin zani ta miƙa da hannu biyu. Suka tambaye ta sunayen 'ya'yanta da inda suke, ta ce abin da take nema kenan ita ma. Suka tafi da wayar suka ce za a dawo da ita. Ba a dawo da ita ba, kuma lambar nan ita kaɗai yaranta suka sani.

Unguwa ta ga shigarsu ta ga fitarsu. Matan da ke aiko a ɗebi ruwa a rijiyarmu suka samu wata rijiyar. Aka yi suna a layinmu ba a aiko mana da goro ba. Goggo ta lura da komai, sai wata safiya na tarar ta ɗaure zannuwanta da butarta. Ta ce akwai wasu 'yan garinsu da suka samu wuri a unguwar Gabukka, za ta koma cikinsu. Inna ta yi kuka, ni na tare ƙofa. Ta dafa kaina ta ce, "'Yar nan, ke budurwa ce, sunanki shi ne zaninki. Ni na riga na rasa abin da zan rasa." Na raka ta har bakin titi ina riƙe da butar.

Hamma ya shigo gaishe da Inna bayan kwana biyu, kamar yadda ya saba tun muna yara. Na ji muryarsa a tsakar gida yana tambayar ƙafarta. Da zai fita na riga shi zuwa zaure na tsaya. Ya ga babu hanya, ya tsaya shi ma, yana juya makullin babur a yatsa.

Ban tambaye shi ko ya yi ba. Na ce, "Me ya sa?"

Ya leƙa waje ya tabbatar babu kowa, sannan ya rage murya. Ya ce in yi tunani. Hannunsa ne a kan kowace takarda. Idan tudu ya fito a ginin da babu kowa, tambaya ta gaba ita ce wa ya saka abin da ke ɓoye lissafin safiya, kuma me ya fita a safiyoyin nan da ba a gani ba. Mutanen can ba za su tsaya jin labarin direba ba. Za su ce da gangan ya rufe, su tambaye shi wa yake rufa wa asiri. Ya ce yana da mata da yara ƙanana, kuma na san namiji idan aka tafi da shi ba lalle ya dawo ba.

"Ke mace ce," in ji shi. "Na san ba za su yi miki komai ba. Kuma ga shi ba su yi ba."

Ga shi ba su yi ba. Na kalli ɗakina da tabarmar Goggo ke naɗe a jingine, na kalle shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsoronsa na gaskiya ne, na san haka, kuma da ya zo mini da shi a ɗakin saba ranar da na yi masa gwajin, wallahi da mun nemi mafita tare. Da na yarda mu saka sabon direba a gaban Darakta, mu ce kati ne ya zo da matsala, in rantse a kan haka ko a gaban wa. Bai tambaye ni ba. Ya zauna shi kaɗai ya auna ni ya auna kansa, ya ga ni ce mai araha.

Ya ce in yi haƙuri, idan ƙura ta lafa zai nemo mini wani aikin, yana da mutane. Ya sa hannu a aljihu ya fito da filash ɗina ya miƙo mini, wai kada in ce ya riƙe mini kaya. Na karɓa. Bakina cike da maganganun da na kwana ina shiryawa, amma da na buɗe shi abu ɗaya ne ya fito.

"Na gode, Injiniya."

Ya ɗago kai da sauri kamar na watsa masa ruwa. Na jira ya harare ni, ya ce kada ya sake ji. Na ba shi lokaci sosai, ina tsaye a bakin ƙofa. Bai ce ba. Ya sunkuya ya raɓa ta gefena ya fita, na ji ya tayar da babur.

Ƙura ta lafa daga baya, kamar yadda ya ce. Na samu wani aikin da kaina, kuma har yau da wayoyi da katuna nake ci. Goggo ta rasu a Gabukka ba ta ji muryar ko ɗaya daga cikin yaranta ba. Ban sani ba ko sun taɓa kiran tsohuwar lambar, kuma babu wanda zai iya gaya mini.

Katangarmu da tasu na nan yadda take. Mukan haɗu a biki ko a gidan rasuwa, ya yi furfura yanzu, mu gaisa a mutunce. Kwanakin baya a wani suna 'yarsa ta fari, wadda ta zama budurwa, ta ji gaisuwarmu ta ce, "Adda, ke kaɗai ce a layin nan kike ce wa Baba Injiniya, sai ka ce a ofis." Na ce ta tambaye shi, shi ya san dalili. Yana zaune kusa da mu, ya ji ta, ya ji ni, ya ci gaba da ɓare goronsa.